Akwatin Da Ya Koyi Faɗin "Ban Sani Ba"

Kebbe,
Litinin, 8 ga Yuli.

Zuwa ga Hamdiya, ɗiyar Kawu Mannir, a Tambuwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Kawu da mutanen gida duka. Gwaggonki Atu tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi har ta fara shiga makwabta da sandarta. Mardiya da yara lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Ƙauyen da nika aiki sabis sai an hau tudu, shi ya sa na ba Isah direba wannan takarda ya miƙa miki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san shekara goma sha shida ke nan nika riƙe da firjin alluran riga-kafi na ɗakin shan maganinmu. Dokar guda ce: cikin firij kada ya gaza digiri biyu, kada ya wuce takwas. Bara anka kawo ɗan akwatin nan na kamfaninku anka liƙa jikin firjin. Yana nuna zafin ciki a fuskarsa, yana kuma ajiye na kowace sa'a a ɗan kati, shugabanmu Malam Ɗangiwa ya zo ƙarshen wata ya kwashe. Wata biyu da sunka wuce tsawa ta ƙone shi, anka kawo sabo.

To, yau sati guda sabon yana cewa biyar, wani lokaci shida. Tsohon ma'aunina na gilashi kuwa, wanda nika ratayawa ciki ina rubuta abin da ya nuna safe da yamma a littafina, yana cewa goma sha ɗaya, har sha biyu. Na zura hannu, hannuna ma bai yarda da biyar ba.

Ranar Alhamis mata arba'in da fuɗu sunka zo da goyo don allurar baƙon dauro, wasu tun daga rugage a ƙafa. Na ba su haƙuri na mayar da su gida. Malam Ɗangiwa ya hau ni da faɗa, wai da kwamfuta da tsohon gilashi wa za a saurara?

An ce ke kinka rubuta wani abu a cikin akwatin nan. Tun da yarenku ɗaya, ki tambayo mini shi, mi ya gani da ban gani ba?

Naki taubashi,
Uwais.

Tambuwal,
Juma'a, 12 ga Yuli.

Yaya Uwais, ɗan Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, duk muna lafiya. Baba ya yi murna da labarin ƙafar Gwaggo, ya ce ta daina yawo cikin laka. Ni ina nan ɗakina, aikin kamfani ta waya nake yi, sai wata-wata nake leƙa ofis a Sakkwato.

Lallai yau an zo wurin! Ashe akwai ranar da za ka nemi fatawa wajen yarinyar da kake cewa ba ta san komai ba sai danne-danne.

Bari in yi maka bayani a hankali, yadda tsoho zai gane. A cikin akwatin akwai babbar manhaja mai tafiyar da komai, amma ita ba ta san yadda ake magana da sensa ba, wato ɗan ƙarfen nan da ke kan waya cikin firij yana jin zafi. Sai an sa mata ɗan tafinta a tsakani. Mu direba muke ce masa, ba irin su Isah ba. Shi ne na rubuta da hannuna shekara biyu da suka wuce. Da an kunna akwati, direban yakan fara karanta jerin kayan da ke jikin fanel, wato ɗan allon lantarkin da ke cikin akwatin, ya san irin sensar da abin da aka haɗa ta da shi, sannan ya fara awo. Akwati ɗari biyu da wani abu ke aiki da shi yanzu, kuma ko ɗaya ba a kawo ƙara ba sai naka.

Wannan gilashin naka fa ya girme ni. Ka ba shi hutu, ka nemo sabo, kada kuma ka rataya shi dab da ƙofa. In kuwa har wani abu ya yi zafi alhali akwati bai gani ba, sai a tambayi mai makulli me yake fitarwa, me yake sakawa in rana ta take. Na ji an ce zoɓon Mardiya ba ya kwantai saboda sanyi!

Ka kira matan nan su dawo, Yaya. Na'ura ba ta ƙarya.

A gaida Gwaggo da Mardiya.
Taka,
Hamdiya.

Kebbe,
Lahadi, 4 ga Agusta.

Hamdiya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, lafiyar jiki.

Sati uku ban amsa miki ba, don ban yarda da hannuna ba. Ban kira matan ba. Na ari ma'auni na biyu wajen mai kemis, shi ma sha ɗaya ya ce. Kafin wata ya ƙare, ɗigon da ke jikin kwalaben, wanda ke yin duhu in allura ta sha zafi, ya yi duhu. Anka zubar da allurar yara ɗari uku.

Sai Malam Ɗangiwa ya kwashi katin akwatinku, ya buga a takarda. Biyar, shida, biyar, tun daga farkon wata har ƙarshensa. Ya ce ai ga shi nan, firij lafiyarsa lau, ke nan fitar da alluran nika yi ina sanyaya wani abu. Ya ce littafina kuwa a zaune na tsara shi don in rufe asirina. An karɓe makulli, an ce in zauna gida. Kwamiti zai zauna kaina ranar Alhamis 15 ga wata, nan sakatariya.

Kin san mi mutane ke cewa? Zoɓo. Mardiya ta daina yi, ta kife robobinta, ko suna ba ta zuwa. Ita da ke sayen ƙanƙararta wajen mai injin kasuwa tun kafin a kawo firjin nan! Na ɗauko takardarki na sake karantawa sau uku. Na san wasan taubasai, ni na koya miki shi. Amma wallahi da na ga maganar Ɗangiwa da rubutun hannunki, sai da idona ya kawo ruwa. Na yi fushi da ke, kuma har yanzu bai gama sauka ba.

Duk da haka ba ni da wanda zan kai wa sai ke. Kafin in miƙa makulli na kwance bayan akwatin, na kwafe duk rubutun da ke jikin fanel, harafi da lamba, ga shi a takarda ta biyu. Fanel ɗin tsohon da ya ƙone shuɗi ne, wannan kore. Za ki ga wuri guda na bar fili, don manne ya ci lambar, ban iya karantawa ba. Na rubuta a gefe irin yadda kakanmu Malam Sambo ke yi in yana kwafar littafi ya tarar da gurbi: bayalun fil asli, wato a asalin ma babu.

Ke ba ki riske shi ba. Ina shekara goma sha biyu a zaurenku, ya ba ni wani shafi in kwafa, gara ta ci kalma guda. Na duba gaba na duba baya, na cika da abin da nika zaton shi ne. Kuma na dace! Amma ya yaga takardar gabana. Ya ce, "Ko ka dace ƙarya ka yi, don mai karatu zai ɗauka da idonka ka gani. Ranar da ba ka dace ba, wa zai gaya masa?" Tun ranar ban sake rubuta abin da ban gani ba, kuma da shi anka tuhume ni yau.

Uwais.

Kebbe,
Lahadi, 11 ga Agusta.

Hamdiya,

Sati guda shiru. Na fahimta. Aikinki ne, kuma ba a cewa mutum ya sare reshen da yake zaune a kai. Ranar Alhamis zan shiga da littafina da gilashina, Allah ya isar mini. Kada a gaya wa Kawu komai, hawan jininsa ya ishe shi. Gwaggonki kullum sai ta tambaya ko Isah ya kawo takarda, na ce mata hanya ce ta lalace.

Uwais.

Tambuwal,
Litinin, 12 ga Agusta.

Yayana Uwais,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa, kafin komai: kai ke da gaskiya. Gilashinka ke da gaskiya. Laifin nawa ne, kuma na kama shi da hannuna. Ka yafe mini maganar zoɓo, ka roƙar mini Mardiya, bakina ne ya riga hankalina.

Ba shiru na yi maka ba. Motar Isah ta kwana uku a gareji, sai ranar Alhamis takardarka ta zo. Na rantse ba zan amsa ba sai da abin nunawa.

Ina buɗe takarda ta biyu idona ya faɗa kan filin nan da ka bari, da rubutun gefe. Na tambayi kaina: direbana, in ya je karanta jerin kaya ya tarar da gurbi, me yake yi? Na buɗe kwamfuta.

Ga abin da na gani. Kafin direba ya mayar da abin da sensa ta ji zuwa digiri, sai ya san ƙarfin wata 'yar resista, 'yar aba mai rage gudun lantarki, da ke kusa da ita a fanel. Yakan aika tambaya cikin jerin kayan. Amsa kuwa iri biyu ce: ko "ga lambar", ko "ban samu ba". Ni da wayona ban taɓa sa shi ya dubi amsar ba. Na riga na ajiye masa dubu goma a aljihu, ƙarfin resistar shuɗin fanel, na ce ai kullum za a samu. To koren fanel resistarsa daban ce, kuma wanda ya shirya jerin kayansa ya manta layin gaba ɗaya. Duk lokacin da aka kunna akwatinka, amsa na dawowa "ban samu ba", direbana ya toshe kunne, ya zaro dubu goma ya ci gaba da awo kamar ya gani. Abin da Malam Sambo ya yaga maka takarda a kansa, shi na yi, ni kuma ban dace ba.

Na sa aka aiko mini koren fanel daga Sakkwato. Na sayi ƙanƙara, na haɗa ruwa a kula har ma'auni biyu suka tsaya a sha ɗaya, na tsoma sensa. Biyar! Yaya, a kan tabarma na zauna na yi kuka, har Baba ya leƙo. Dole na gaya masa komai, jininsa kuwa bai hau ba, tasbaha kawai ya ja ya ce in gyara.

Na gyara. Yanzu direba yana duba kowace amsa. In layin babu, ko yana nan amma babu lamba a ciki, ko lambar ba ta shiga hankali, kamar sifili, to ba zai fara awo ba sam. Zai rubuta dalili a kati, ya sa fuskar akwati ta faɗa. Ƙananan abubuwa irin hasken fuska na bar masa ya yi amfani da na aljihu, amma sai ya rubuta cewa ba gani ya yi ba.

Mun kai ruwa rana da shugabana Lauwali. Ya ce a cike layin da aka manta a jerin kaya, shi ke nan, akwatin da ke cewa bai sani ba ai abin kunya ne gaban masu saye. Na ce gobe in aka kawo jan fanel aka sake mantawa fa? Na ce masa akwati arba'in da ɗaya ke da koren fanel, kowanne da mai makullinsa da yaran garinsa. Mutumin kirki ne, ya sa hannu a takardar amsa laifi, ya kuma sa an buga wa duka wuraren su koma ma'aunin hannu.

Ranar Laraba ina tafe da kula da akwati biyu. Ka riƙe littafinka kamar ranka. A dafa da ni, in Mardiya za ta iya kallona.

Taka mai kunya,
Hamdiya.

Kebbe,
Juma'a, 16 ga Agusta.

Zuwa ga Kawu Malam Mannir.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana. 'Yar'uwarku tana gaishe ku, tun jiya take guɗa, makwabta sunka ɗauka haihuwa anka yi. Na rubuto ne don na san Hamdiya ba za ta ba ku labarin daidai ba, za ta ce "an gama lafiya" ta shige ɗaki.

Kawu, mutum biyar ne a kwamiti. Malam Ɗangiwa ya baje takardunsa, biyar, shida, biyar. Anka ce ina da abin faɗi? Kafin in buɗe baki ɗiyarku ta miƙe da kularta. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta da na ubanta, ta ce, "Shaidar da kuke riƙe da ita ni na koya mata magana, kuma na koya mata ba daidai ba."

Ta zuba ruwa da ƙanƙara a roba bisa teburin shugaban kwamiti, ta ce su aiko da ma'aunin da sunka yarda da shi daga asibiti. Anka kawo, ya ce sha ɗaya. Gilashina ya ce sha ɗaya. Ta tsoma wayar akwati na farko, mai tsohon direba. Biyar. Shugaban ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ta tsoma na biyu, mai sabon direba amma da jerin kayan nan mai gurbi. Sai ga shi a fuskarsa da manyan baƙaƙe: BAN SANI BA, BABU ƘARFIN RESISTA. Wani dattijo a kwamitin, likita ne da ya yi ritaya, ya buga tebur ya ce, "Allahu akbar! Shekarata talatin ina neman ma'aikacin da zai faɗi haka." Har Ɗangiwa sai da ya yi dariya. Ta cike layin gabansu, ta sake kunnawa, akwati ya ce sha ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki lambobin katin da anka tuhume ni da su, ta sake auna su da resistar gaskiya, ta ce a buɗe littafina. Dattijon na karanta nawa, tana karanta nata. Ɗaya ga Yuli, sha ɗaya, sha ɗaya. Biyu ga wata, sha biyu, sha biyu. Kwana talatin da ɗaya, safe da yamma, ba inda sunka saɓa da ya kai digiri guda. A kwana na goma na daina gani sosai, sai na duƙar da kai.

An mayar mini da makulli nan take. An rubuta cewa mayar da matan nan gida da na yi shi ne daidai. Mai gyara ya duba firjin, ashe iskar gas ɗinsa ke zurarewa tun ƙarshen Yuni. Malam Ɗangiwa ya bi ni har bakin babur ya kama hannuna ya ce in yafe masa, ya ce zai faɗa da bakinsa a masallacin Juma'a, yau kuwa ya faɗa. Na yafe, don ni ma da takardar nan anka nuna mini kan wani, ƙila da na yarda.

Mardiya kuwa da farko ko kallon Hamdiya ba ta yi ba. Da munka dawo ta ji labari, ta shiga ta wanke robobinta.

Ranar Alhamis mai zuwa sabbin allurai za su iso. Na aika rugage a gaya wa mata arba'in da fuɗun nan, sunayensu na nan a littafina.

Ɗanku,
Uwais.

Tambuwal,
Talata, 20 ga Agusta.

Yaya Uwais, mai gilashi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na ga takardar da ka kai ƙarata wajen Baba, sau biyu ya sa na karanta masa, sannan ya tafi da ita zaure. Yanzu ko mai kayan miya ya san labarin resista.

Akwati goma sha tara na gyara zuwa jiya, saura ashirin da biyu. A wani ƙauye wajen Sanyinna mun tarar da firij a digiri tara, akwati na cewa uku, an kwashe alluran kafin ɗigonsu ya yi duhu. Lauwali kuma ya kafa doka: ba direban da zai sake fita daga ofishinmu sai an gwada shi da jerin kaya mai gurbi.

A saman gyaran da na yi akwai wurin da ake barin bayani don masu zuwa baya. Na rubuta: "In babu a asali, a ce babu. Daga Malam Sambo, ta hannun Uwais."

Abu na ƙarshe. Baba ya karɓi takardarka ta biyu, mai filin nan. Jiya bayan la'asar ya sauko da gafakar Malam Sambo, wadda ko ni ba a bari in taɓa, ya buɗe ya sa ta tsakanin littattafan. Na ce, "Baba, lambobin fanel ne fa." Ya ce ya sani. Ya ce shekara arba'in ana tsokanar ka cewa ɗan mace ba ya gadon alƙalami, to yau ya ga inda alƙalamin ya tafi.

Kada kanka ya kumbura, har yanzu ba ka iya tura hoto a waya ba. Ka ce wa Mardiya a ba Isah zoɓo roba biyu, mai citta sosai.

Taka,
Hamdiya.